Agogo a Talabijin ɗin Falo

Shagon Mai Agogo bai fi ɗakin ajiyar kaya girma ba. Teburi ne mai gilashi, da kujerar da aka ɗaure ƙafarta da waya, sai bangon da agogai suka rufe, kowanne yana faɗin nasa lokacin. Da baƙin gashi ya shigo shagon, a nan kuma furfura ta same shi. Duk layin sun san ɗabi'arsa: ba ya buɗe agogo sai ya kara shi a kunne tukuna, ya lumshe ido, kamar uwa mai sauraron numfashin jariri.

Sai shekaru suka fara karɓar abin da suka ba shi aro. Ido ne ya fara tafiya, har ƙananan ƙarafan cikin agogo suka koma masa hazo. Kunne ya bi baya a hankali. 'Ya'yansa suka taru suka ce ya rufe shago ya huta. Bai musa ba. Ya ce su bari ya gyara agogon hannun mahaifiyarsu, wanda ya saya mata tun suna matasa, yanzu kuma yake ja da baya. Ya riga ya buɗe shi sau ɗaya bai ga komai ba. Idan ya sake gagararsa, da hannunsa zai miƙa makulli.

Autarsa, mai aiki a gidan ɗab'i, ba ta so a rufe. Wata safiya ta sauke masa tsohuwar kwamfutar teburi, da 'yar kyamara mai kama da alƙalami wadda ke ƙara girman abu, da ƙaramin makirufo. Allon kwamfutar kuwa ya mutu tuni.

"Baba, talabijin muke buƙata, kuma babba."

Babba ɗaya ce a gidan, ta falo, wadda matarsa ke kallon shirinta da yamma.

"Aron yini ɗaya na ba ku," in ji ta. "Kuma ƙafata ƙafarta, don na san ku da aro."

Haka aka kinkimo talabijin, ita tana biye da rimot a hannu. Dogo mai gyaran rediyo, maƙwabcinsa kuma abokin tsokanarsa, ya leƙo.

"Gidan kallo za ka buɗe da tsufanka?"

"Zo ka kama mana, tsayinka ya yi amfani yau."

Auta ta ɗauko kebul mai shuɗin kai, ta cusa kai ɗaya a bayan kwamfuta, ɗaya a bayan talabijin, ta murɗa 'yan kusoshinsa biyu. Aka kunna. Talabijin ta ci gaba da nuna wani mutum yana karanta labarai.

"Inna, ba ni rimot, sai an gaya mata ta wace ƙofa baƙon zai shigo."

"Faɗi abin da za a danna. Rimot ɗina ba ya yawo."

Auta ta faɗa, uwar ta danna, mai labarai ya ɓace. Auta ta saita kyamara a kan buɗaɗɗen agogon, sai ga cikinsa ya cika bango. Ƙarfen da bai kai ƙwayar gero ba ya zama kamar tayar keke, haƙoransa suna cizon juna, jajayen duwatsu suna ƙyalli kamar an kunna fitila a ƙarƙashin ruwa. Mai Agogo ya cire tabarau, ya mayar. Ya daɗe bai ga wannan garin ba, ga shi ya san kowane lungunsa.

Amma fuskarsa ba ta saki ba. "Bebe kuka kawo mini. Ina ganin bakinsa yana motsi, ba na jin me yake cewa."

Auta ta ƙure ƙarar talabijin. Shiru. Dogo ya zagaya baya, ya ja shuɗin kebul ɗin da yatsa.

"Wannan hoto kawai yake ɗauka, 'yata. Rago ne irin babanki, kaya ɗaya yake iyawa."

Ya tafi shagonsa ya dawo da siririyar waya. Ya sa kai ɗaya a koren ramin bayan kwamfuta, ɗayan a ƙaramin ramin da ke kusa da kebul a jikin talabijin. Auta ta saita kwamfuta ta riƙa tura abin da makirufo ya ji. Wata irin ƙara ta tsaga shagon, har mai shagon ɗinki ya fito da almakashi a hannu. Dogo ya janye makirufon nesa da lasifika, ya rage murya.

Sai aka ji shi. Bugun agogo, mai nauyi kamar takun mutum a kan katako. Mai Agogo ya lumshe ido.

"Ɗingishi yake. Ƙafa ɗaya ta fi ɗaya sauri. Matsa da kyamarar hagu, wajen siririn zaren nan mai naɗewa."

A can ga wani farin abu kwance, mai kauri kamar igiyar shanya. Ya ɗauki hantsaki, idonsa a talabijin, hannunsa a agogo. Hannun bai manta komai ba. Ya zaro abin, ya ɗaga shi a haske. Gashi ne, fari fat. Nan take bugun ya daidaita. Ya dubi matarsa.

"Furfurarki ce ta tsayar mana da lokaci."

"Ni ina na ga furfura? Dubi kaurinsa, gemunka ne. Kai ka jefa shi ranar da ka buɗe kana lalube."

Dogo ya yi dariya har ya dafa bango. Mai Agogo ya rufe agogon, ya ɗaura mata a hannu. Makullin shago kuwa ya bar shi a aljihu, ba wanda ya tambaya.

Talabijin ba ta koma falo ba. Kujerar matarsa ce ta biyo ta shago. Da safe ta agogai ce, masu wucewa suna tsayawa kallon cikin agogonsu. Da yamma kuwa matarsa takan dubi hannunta, ta ɗaga rimot.

"Malam, tattara. Lokacina ya yi, kuma kai ka gyara shi."