Ramatu da Adireshin Na'urorin Ofishinmu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Yaya Ramatu, kuma har yau in na tuna ta dariya ce ke fara zo mini kafin hawaye. Ɗiyar goggona ce, mutuniyar Damagaram. Mun yi aiki tare a wata ƙungiyar agaji a unguwar Koira Kano da ke babban birni: ni ina fitar da motocin hatsi, ita tana kula da sarbar, wato manyan na'urorin da ke ajiye bayanan garuruwan da za a kai wa abinci.

A wata shekara da aka yi fari, wuta na yawan ɗaukewa. Duk lokacin da ta dawo sai na'urar da ke raba adireshin IP, wato lambar da ake gano kowace na'ura da ita, ta ba kowace sarbar sabuwar lamba, a rasa inda za a same ta. Ramatu ta zauna ta raba abin gida biyu. Sarbar da ƙofofin da ake bi a gyara su ta ba su adireshi na dindindin. Kwamfutocin masu zuwa gyara kuwa ta ware musu wasu lambobi na aro, in mutum ya tafi lambar ta koma hannun wani. Na ce mata wannan ɓata lokaci ne. Ta ce, "Issufu, kai dai ka ji da buhunanka."

Ranar da sojoji suka karɓi mulki, da rana tsaka, ta je cin abinci gida a Harobanda, can ƙetaren kogi, aka tare gada, ta kasa dawowa. A daidai lokacin sarbar ta tsaya cik. Direbobin da za su yankin Tawa na jira a bakin ƙofa, ba wanda ya san garin da zai nufa. Na kira ta a waya.

"Ka jona wayar nan shuɗiya ta jikin sarbar a kwamfutarka," in ji ta. "Yanzu rubuta lambar da zan faɗa maka. Tana nan inda na bar ta."

Na rubuta, shafi ya buɗe, ta ce in danna wurin tayarwa. Da na ji fankar na'urar ta soma juyawa sai na ƙwala kabbara, har mai gadi ya rugo a guje. Ita kuwa tana can tana ƙyaƙyata dariya, tana cewa in sha ruwa. Washegari da hanya ta buɗe motoci suka kama hanyar Tawa.

Yau matasan ofis suna duba sarbar daga wayoyinsu suna shan shayi. Nakan tambayi kaina me za ta ce. Ina jin za ta ji daɗi ƙwarai, don ba ta taɓa ƙyashin a sauƙaƙa wa mutum aiki ba. Amma na tabbata sai ta karɓi wayar ta bincika wa ya taɓa mata tsari.

An canja na'urorin duka tuni. Abin da ya rage shi ne ƴan matan da ta koya wa aikin a falonta ran Lahadi. Ɗaya daga cikinsu, Hadiza, ta haihu bara, ta kira ni suna. Da na tambayi sunan jaririyar sai ta miƙo mini ita, ta ce, "Kawu, riƙe Ramatu."

Allah Ya jiƙanki, Yaya, Ya sa kin huta.