Yadda Kara Ta Kai Mu Kiwon Kifi

Shekarar da na samu shiga jami'a aka fito da wani tsari na 'yan ajin farko. Darussan zaɓi an ɗaure su dami-dami, kowane dami da rukunin ɗalibansa, tare za su riƙa shiga lacca har shekara ta ƙare. An kuma yarda abokai su yi rajista a haɗe, wai don kada kewar gida ta kwantar da su. Ni tun ina sakandare raina na kan adabi, kuma akwai rukuninsa.

Mu uku muka haɗu a shagon intanet na bakin tasha a Talata Mafara: ni ɗan gari, da wani na Bakura wanda ya girme mu har ya tara gemu, da wani Bafillacen Maradun. Iyayenmu sun san juna a kasuwa, su suka yanke cewa turke ɗaya za a ɗaure mu.

Mai shago ya buɗe shafin, ya ce gurabe na ƙarewa, wane rukuni muke so? Adabi na da sauran wuri. Kalmar tana bakina. Amma a wurinmu ba a riga babba sa hannu a akushi, balle a rajista.

"Yaya, bisimilla," na ce wa na Bakura.

"Subhanallahi! Baƙo nike garin ga. Ɗan gari ka zaɓe."

Muka juya kan na Maradun. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Duk inda kunka nufa, nan ni ma. Saniyar baya ba ta zaɓen mashaya."

Sai muka ga gara a tambayi manya. Na kira mahaifina, ya ce shi wa, ga baban na Bakura? Aka haɗa su a waya. Suka gaisa kan gajiya, da iyali, da ruwa, da yadda gero ya yi bana, da ƙafar wani kawu da aka ɗora. Mai shago na kallon kwamfuta yana sanar da mu kamar mai shelar rasuwa: "Tarihi ya cika. Larabci ya cika." Da suka gama gaisawa, dattawan suka yi ittifaƙi cewa yara su zaɓa da kansu, Allah ya yi albarka.

"Adabi saura gurbi guda," in ji mai shago. "Mai so shi yi magana in raba ku, ina da jama'a waje."

Na yi gyaran murya. Na Bakura ya gane, ya ce, "Ƙanena, ga alama kana so. Ɗauka."

Nan ya kashe ni. Abin da aka yi maka tayi, ɗan mutunci sai ya ƙi sau biyu kafin ya karɓa. Na ƙi na farko. Ya sake, na ƙi na biyu da murya mai rauni, na gyara zama ina jiran na uku. Daidai nan wani surukin yayansa ya leƙo shagon, na Bakura ya durƙusa gaisuwa. Kafin su kai ga lafiyar dabbobi, wani yaro a wata jiha, wanda ba a ba shi tarbiyya ba, ya danna ya ɗauke gurbina.

Rukunin da ya rage mai ɗaukar mutum uku shi ne na kiwon kifi. Bafillace, wanda bai taɓa sa kifi a baki ba, ya ce, "Alhamdulillahi, aƙalla ba su shiga gonar mutane."

Shi ya fi mu maki a ƙarshe, domin kiwo kiwo ne. Ni kuwa Allah ya taimake ni, zauren da ake laccar adabi yana jikin kududdufin gwajinmu. Duk adabin da na samu a shekarar ta taga na ji shi, ina cikin ruwa iya gwiwa, riƙe da tarwaɗa. Shi ya sa har yau waƙoƙin da na haddace farkonsu kawai na sani. Da malamin ya kai tsakiyar baiti ake tayar da injin ban ruwa.