Sau Uku Ya Kira Ni a Kan Dutse, Ban Waiga Ba

Assalamu alaikum. Ni tsohuwa ce daga wani ƙauye a yankin Baure. Ban yi karatu ba, maƙwabciyata ce ke rubuta abin da nake faɗa, in kuka ya ci ƙarfina sai ta dakata. Lokacin da abin ya faru ni ungozoma ce, an san ni da haɗa magani, kuma ina ji da kaina.

Bayan garinmu akwai wani dutse mai wuyar hawa, ƙarƙashinsa tafki ne. Ko makiyaya ba su cika hawansa ba. A can sama ake samun wata saiwa ta maganin tari, kuma kakata ta koya mani cewa mai zuwa haƙarta ba ya magana, ba ya waiwaye, tun daga gindin dutsen har saiwar ta shiga hannu, in ba haka ba maganin ya karye. Maigidana ne ke fama da tarin. Na ce ya zauna gida, ya ce ba zai bar ni in hau ni kaɗai da waɗannan gwiwoyin ba, har yana tsokanata wai wa zai dama masa fura in na gangara cikin tafki.

Muka kama hawa da hantsi, ina gaba yana baya. Mun wuce rabi sai na ji ya kira ni. Na ɗauka tsokanar ce, so yake ya sa ni magana. Ya sake kira. A na uku muryarsa ta yi ƙasa, har ƙafata ta tsaya, amma na ce a raina saura kaɗan, ai don shi nake yi. Da na haƙo saiwar na sauko, na same shi jingine da dutse, hannu a ƙirji, yana fuskantar ruwan. Ya riga ya cika. Na yi ta ihu, ba kowa sai balbelu a bakin tafkin.

Malamai sun ce mani kwanansa ne ya ƙare, na kuma yarda. Amma da na waiga, da ya samu mai laƙƙana masa kalmar shahada, da ban shafe shekarun nan ina tunanin abin da yake son faɗa mani ba. Saiwar tana nan cikin ƙwarya, ban taɓa jiƙa ta ba. 'Yan'uwana mata, ko me aka ce ku kiyaye, in naku ya kira ku, ku amsa. Don Allah ku sa shi a addu'a.