Baƙin Abu Nayif

Shekara ashirin Abu Nayif yana zuba wa 'yan yawon buɗe ido gahawa a sansanin Atallah, ɗan ƙaninsa, a hamadar Wadi Rum, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce ba shi da wata sana'a, baƙi ne dai suke masa yawa.

Sunansa na yanka Suwailim. A tantin gashin akuya aka haife shi, a shekarar da babu wanda ya damu ya rubuta. Ya yi kiwon raƙuma har gemu ya fito masa, ya yi soja shekara tara a kan iyaka, inda sau ɗaya tak ya harba bindiga, ga wata kura, ita ma bai same ta ba. Da ya dawo sai ya tarar dangi sun koma gidajen bulo, an sayar da raƙuman an sayi a-kori-kura. Shi ma ya shiga gidan bulo. Matarsa Umm Nayif ta sa aka kafa mata firij a inda kowa zai gani tun daga bakin ƙofa.

Kullum da la'asar motar Atallah takan kai shi babban tanti, ya hura wuta, Turawa su zagaye shi. Mutanen nan jirgi suke hawowa takanas don su zo su kwana a ƙasa, abin da Umm Nayif ta yi shekara talatin tana roƙon Allah ya raba ta da shi. Sukan naɗa rawani kamar masu ciwon haƙori. Sukan ce shirun hamada suka zo nema, sannan su yini suna gaya wa juna yadda shirun yake. Duk wannan bai dami Abu Nayif ba. A wurinsa duk wanda ya shigo tanti ya zauna baƙo ne, baƙo kuwa Allah ne yake aiko shi. In Atallah ya kira su kwastomomi sai ya harare shi, ya ce a gidansu ba a taɓa sayar da gahawa ba.

Dukiyarsa ɗaya ce, turmin daka gahawa da ya gada daga mahaifinsa. Icce ne da ya yi baƙi ƙirin saboda tsufa, bakinsa ya siɗe da taɓarya. In yana daka, kiɗa yake yi da shi. A da, wannan ƙarar ce take sanar da tantunan maƙwabta cewa gahawa ta kusa.

Wata rana aka kawo wasu 'yan Holan, cikinsu akwai wata doguwar mata mai suna Mareke. Abu Nayif ya miƙa mata finjali. Ta shinshina, ta yamutsa fuska, ta ajiye shi a ƙasa gabanta.

Tsohon ya ƙura wa finjalin ido. A al'adar mutanensa, baƙon da ya ajiye finjali bai sha ba da babbar buƙata ya zo, irin ta sulhun jini ko neman mafaka, kuma ba zai sha ba sai mai gida ya amsa. Cikin shekara ashirin ba Baturen da ya taɓa yin haka. Wasu su runtse ido su haɗiye, wasu su faki ido su zubar a yashi. Yau ga wadda ta san ya kamata. Ya gyara zama, ya yi magana yadda ya ji mahaifinsa yana yi.

"Sha gahawarki. Abin da ya kawo ki, kin samu."

Direbobin sansanin da ke zaune a bakin tanti duk sun ji. Atallah yana dariya ya fassara mata, ya bayyana mata al'adar. Matar ta tafa hannu, ta waiwaya dama da hagu kamar wadda ta shiga kanti, ta nuna turmin.

"Baffa, wasa take yi," Atallah ya raɗa masa. "Ɗaci ne ya yi mata yawa, shi ke nan."

"Na faɗa ko ban faɗa ba?"

"Ka faɗa, amma ai ita ba ta san..."

"Ni na sani."

Ya juye sauran garin gahawar, ya naɗe turmin da taɓaryar cikin alkyabbarsa, ya kai mota da kansa. Matar ta yi godiya sosai, ta tambaya ko babu ƙwari a jikin iccen, don a ƙasarsu ana tsananta bincike. Gahawar kuwa har suka tafi tana nan a ƙasa.

A gida Umm Nayif ta saurari labarin tana tsince shinkafa. Ta tambaye shi, da a ce ita Umm Nayif ɗin Baturiyar ta nuna fa, ya zai yi. Ya ce da ya naɗe ta ita ma, sai dai alkyabbar ba za ta isa ba. Ta ce Allah ya taimake shi ba firij aka nuna ba, da yau a tanti zai kwana tare da baƙinsa.

Atallah ya sayo sabon turmi daga birnin Akaba, ya shafe shi da man takalmi don ya tsufa. Ƙararsa kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar banɗaki. Abu Nayif ya riƙa daka a ciki. Abin da yake rarrashin zuciyarsa da shi shi ne, ko banza an yi baƙo ɗaya da ya nemi abu a hannunsa, bai koma hannu wofi ba.

Bayan wata guda Atallah ya zo da murna ya nuna masa waya. Matar ta rubuta labarin a intanet, ga hoton turmin a bakin tagarta, an cusa masa furanni. Mutane dubbai sun karanta, sansanin ya cika har ƙarshen shekara.

Ranar Talata aka kawo mutum goma sha huɗu. Abu Nayif ya bi su ɗaya bayan ɗaya da buta. Ɗaya bayan ɗaya suka karɓa suka ajiye a ƙasa, suna murmushi. Wata tana kallon darduma, wani yana kallon wuƙar da ke ƙugun Abu Nayif, wani tsoho ma ya riga ya dafa butar tagulla don kada a riga shi. Direbobi suka kalli juna.

Abu Nayif ya daɗe yana kallon finjalan nan a jere. Sannan ya kira ɗan ƙaninsa.

"Atallah, waɗannan sun biya kafin su zo?"

"Sun biya, Baffa, tun daga ƙasarsu."

"Har da gahawar?"

"Har da ita."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗauki buta ya sake zagayawa, ya cika kowane finjali fal har yana zuba. A tantin mutanen kirki ɗan kurɓi ake zuba wa baƙo, don ya daɗe ana ƙara masa. Cika finjali zagi ne, ma'anarsa sha ka tashi ka ba mu wuri. Wani direba ya toshe baki da rawaninsa ya fice waje. Turawan suka jira a ce su faɗi buƙatarsu, ba a ce ba. Da gahawar ta fara hucewa suka ɗauka suka sha, suna yamutsa fuska.

Tun daga ranar haka yake zuba wa kowa, kuma ba ya zama a cikinsu in ya gama. Atallah ya ce a intanet yanzu ba abin da ake yabawa a sansanin kamar karamcin tsohon nan mai cika finjali.