Wurin Mota Mai Lamba Sha Huɗu

Daga tagar motar da take sayar da soyayyen kifi da dankali, Morag tana kallon wani dattijo a filin ajiye motocin babban kantin unguwar Govan. Dogo ne mai ɗan ranƙwafawa, kwat ɗinsa ta sha guga har gwiwar hannun tana sheƙi. Ana yayyafi, amma hularsa na hannu. Yana takowa daga bakin titi yana ƙirga sawunsa, sai ya ja birki a gurbin ajiye mota na sha huɗu, inda babu mota.

Morag ta san makarantar firamare ce a nan kafin a rushe ta, ginin jan dutse, ƙofar maza daban, ta mata daban. A ranta tana cewa dattijon tsohon malami ne, irin waɗanda fansho ya bari ba wurin zuwa.

Wata mota ta danno, direban ya leƙo. "Baba, matsa mana! Ko kai ma fakin ka yi?"

Dattijon ko gezau. "Nan zauren taronmu yake, ɗana. A bangonsa akwai allo mai sunayen yaran da bam ya kashe lokacin yaƙin duniya na biyu. Yayata Ishbel ce ta uku daga sama."

"To ka neme shi a gidan tarihi mana."

"Na je. Wai masu rusau sun haɗa shi da ɓaraguzai sun kai juji."

Direban ya ɗaga gilashi, ya danna hon. Dattijon ya ja da baya taku biyu, ya tsaya yana kallo har tayoyin suka gama hawa wurin.