Gyaɗar da Rabi ta rabar a taurari

Kakarmu Inna Tamo ba ta yin gatana irin ta mutane. Tun ranar da ta ga wani tauraro yana tafiya a saman garinmu Karofane, anka ce mata na'urar Turawa ce, shi ke nan ta bar gizo ya huta. Bayan magariba sai ta hura wutar kara, ta ce mu hau, jirgi zai tashi. Ni ne shofer mai tuƙi, ƙanwata Rabi mai tsaron kaya. Mu ke faɗin abin da za mu yi, Inna ta watsa wuri, kuɗin zamanin dā, a tabarma. In sun buɗe mun dace, in sun kife mun shiga uku.

Shekarar da hatsi bai yi ba, ta aike mu neman tauraro mai ruwa da baƙar ƙasa. Ta ba Rabi gyaɗa ta gaske cikin ƙoƙo, ta ce iri ne, in ya ƙare ba shuka.

Wallahi yarinyar nan ta ci mini rai. Kowane tauraro munka sauka, Inna ta shaƙe murya ta zama mutanen wurin, masu ido a gwiwa, sai Rabi ta tsaya gaisuwa, ina gajiya, ina gida, sannan ta ɗebi irinmu ta miƙa. In yi ta faɗa, esans, man jirgi, na ƙarewa, iri na ƙarewa, ita ko a jikinta. Wai ba a shiga garin mutane hannu sake. Inna ta so ta ƙi, Rabi ta tsare ta:

"Mai gida ba ya maida tsarabar baƙo, ke kinka faɗa."

Dole ta karɓa ta jefa a baki, tana mamula da dasashi, ni ina kallo kamar in fashe.

Daren da wurin Inna ya buɗe duka munka isa. Ga ruwa, ga ƙasa baƙa ƙirin, ƙoƙo kuwa wayam. Na shure shi, na yi kuka, na yini biyu ban yi wa Rabi magana ba.

Yanzu ni ke ja wa ɗiyana wannan wasa a Madawa, da ɗan lido maimakon wuri. Bara Rabi ta zo ta tarar muna yi, na tayar da maganar, don har yau abin na mini ciwo. Ta dube ni kamar ta ga sakarai. Ashe duk wannan rani Inna juye mana tuwonta take yi, ta ce ta ci a maƙwabta. Kowa ya sani ba ta karɓar abinci daga hannun jika.

"Kai kana tuƙi," in ji Rabi, "ni ina ba ta abincin dare."

Haushin bai tafi ba, wurin zama kawai ya sake, ya dawo kaina.