Turmin Rabi ya hau kabu-kabu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Rabi, matar wana Sale, amma har yau in na ji taɓarya ta faɗa cikin turmi wofi sai gabana ya faɗi. Ni ƙanin mijinta ne, wato abokin wasanta. Tun da aka kawo ta garinmu, can gefen Mayahi, take ce mani mijin jeka-na-yi-ka, ni ko in ce mata kwamanda. Mace ce ƴar firit, iskar hadari na iya kai ta Tasawa kyauta, amma muryarta na tada jakin da ke barci a wani gari.

Duk safiyar da aka tashi da labarin wani ya daki matarsa, Rabi ba ta zuwa ba da haƙuri. Sai ta fara kai matar gidan likita, sa'an nan ta mirgina turminta har ƙofar gidan mutumin, ta kama daka, babu ko ƙwayar hatsi a ciki. Wanda ya tashi a ƙauye ya san turmi mai hatsi nishi yake, wofi kuwa ihu yake. Kafin rana ta ɗaga mata sun taru da nasu, har da Saratu matar fasto, ƙawarta ta ƙut da ƙut. Ba zagi, ba waƙa. Kuma ba a ɗauke turmi sai maigida ya zauna gaban mai gari da iyayen matar.

Na tuna wani ƙato da ya leƙo yana huci.

"Rabi, matata ce, gidana ne!"

"Ni ma turmina ne, Malam. Na taɓa maka danga?"

"To mi kike dakawa?"

"Irin dakan da ka yi jiya. Ka ga ya yi gari?"

Kwanan baya na ji a rediyo gwamnati ta naɗa mai ba ta shawara kan dukan mata a gidajen aure da sauran cin zarafin da ake yi masu. Da Rabi na nan, guɗar da za ta yi sai ta kori tsuntsayen gonakin jihar Maradi kaf. Ba za ta raina abin ba, don ita ma takan ce turmi na maganin mai kunya ne kawai, marar kunya sai jandarma da alƙali. Amma na san za ta karkace ɗankwali ta tambaye ni, "Biron nan, ofishin nasu, ana jin turmi daga cikinsa?"

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana ba rediyo ba ne kaɗai. Watan jiya Zainabu, autar Rabi, da ke aure a Gidan Amumune, ta zo gida da hannu a ɗaure, wai daga amalanke ta faɗo. Na ce, "Zainabu, amalanken nan mai yatsu ce? Ga sawunsu a kumatunki." Ta ce, "Baba, bari kawai," sai hawaye. Maza suka zauna, Sale ya tsufa, aka fara maganar da aka saba: ta yi haƙuri, ta koma don ƴaƴa. Ni kuwa ina kallon hannun, ina tunanin abin da zai karye nan gaba.

Muna cikin haka sai ga Saratu tana dogara sanda. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "Ina turmin?"

Ni na rungume shi a kan kabu-kabu, Saratu na biye a wani. Da ni, da tumbina, da turmi, mai babur ya rantse bai taɓa ganin yashi da esansi, wato man fetur, sun haɗe masa kai haka ba. A Gidan Amumune ba su san al'adar ba, dariya suka fara yi: ga tsohuwa na dakan iska a ƙofar gidan mutane. Wata maƙwabciya ta tambayi dalili, Saratu ta faɗa mata. Matar ta shiga gida, ta fito da nata turmin, sauran mata suka bi sahu. Ashe duk unguwar sun daɗe suna jin kukan Zainabu ta bayan danga.

Mijin ba mai kunya ba ne, da sanda ya fito. Amma a gaban unguwa ya fito da sandar, kuma matan da suka yi daka su ne suka raka Zainabu wurin jandarma suka ba da shaida. Yanzu tana ɗakin uwarta, hannu na warkewa. Ta ce ba za ta koma ba, kuma wannan karon ba wanda ya ce mata haƙuri.

Rabi ba ta bar gona ba, ba ta bar shanu ba. Turmi ta bari, shi ma ba ya gida. Da za mu taho, maƙwabciyar nan ta dafa shi ta ce, "Ku bar mana shi tukuna, akwai wani gida." In mai ba da shawara na neman inda za a fara, can yake, har yau bai dawo ba. Allah ya jiƙanki, kwamanda.